Makon ma'aikata, daga littafin sakatariya

Litinin, 28 ga Oktoba, 2024

Yajin aiki tun tsakar dare. Ƙungiyoyinmu na ma'aikatan jami'a da ba malamai ba, SSANU da NASU, a haɗe, wannan karon kuma na sai baba ta gani. Na leƙa bakin babbar ƙofa da hantsi: benci a gicciye, 'yan ƙungiya zazzaune a inuwa, ɗalibai tsaye da jakunkuna suna tambayar ko za a buɗe laburare. Ba za a buɗe ba. Famfo mu ne, asibiti mu ne, makullin kowane aji yana hannun ɗanmu.

Maganar dai ta 2022 ce, albashin wata huɗu da aka riƙe. Malamai sun karɓi wata huɗu daga cikin nasu tun Fabrairu. Mu a Maris muka yi na gargaɗi na mako guda, daga nan sai alkawari.

Fayil ɗin makon ma'aikata na cikin jakata, na dawo da shi gida. An tsayar da 11 zuwa 15 ga Nuwamba don awon suga ya faɗo ranar 14. Ko takardar gayyata ɗaya ba a buga ba. Ni ce sakatariyar kwamitin walwala, ni za a tambaya.

Talata, 29

Babu wuta, an shiga mako na biyu, kusan Arewa baki ɗaya. Layin Shiroro zuwa Kaduna an lalata shi, ɗayan da ke biyowa ta Makurɗi ya faɗi. Na zubar da miyar da ke firij. Caji a shagon bakin titi. Litar mai ta haura naira dubu.

Shugaban kwamiti ya kira. "Hajiya, a ci gaba da shiri daga gida, ba a fafe gora ranar tafiya." Na ce to, ranka ya daɗe. Shi farfesa ne, yajin bai shafe shi ba, sai dai ofishinsa a kulle yake.

Laraba, 30

Na baje rajistar ma'aikata a tabarma, da jan biro. Sharaɗin kwamiti: shekara 25, 30 ko 35 a bakin aiki, fayil kuma babu takardar tuhuma. Ina bin ranar ɗauka ina jan layi. 'Yan 1999, 'yan 1994, 'yan 1989. Na ƙarshen nan zamanin Babangida suka shigo, wasunsu da keke. Tun dokar 2012 mu sai mun kai shekara 65 muke ritaya, farfesoshi 70, shi ya sa tsofaffin ke nan da ɗan yawa.

Direbobi, masu buga takardu, ma'aikatan ɗakin gwaji, tsohuwar nas guda. Sunaye da na sani tun ina ƙaramar ma'aikaciya. Wani na ɗauka ya rasu, ashe an mayar da shi gonar jami'a.

Ƙasan rajistar ne ya tsaya min a rai. Masu shara babu. Masu lambu babu. Tun gyaran ma'aikata na zamanin Obasanjo aka sallami ƙananan matakai aka miƙa aikinsu ga 'yan kwangila. Mutanen ba su je ko'ina ba, tsintsiyar ce dai a hannunsu, sunan ne ya fita daga takarda.

Da daddare ihun yara a layi. An kawo wuta.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Bidiyon yaran da aka kama tun zanga-zangar Agusta, an kai su kotu a Abuja, wasu sun zube a ƙasa. Na kalla, na kife wayar. Ban taɓa fayil ba yau.

Asabar, 2

Na shiga ta ƙaramar ƙofa in gaida ƙawata a gidajen ma'aikata. Harabar tsit, ganye ko'ina. A bayan ginin gudanarwa sai ga Baban lambu da baro, jarkoki biyu a ciki. Famfo a rufe, daga rijiyar masallaci yake turo ruwa.

"Baba, sannu da aiki. Ba ka ji ana yaji ba?"

"Hajiya, yaji na masu albashi ne. Ni in ban zo ba, ɗan kwangila ya yanke yini." Ya nuna ƙananan itatuwan da haɓa. "Waɗannan ma ba su san ana yi ba."

Na tambaye shi yaushe ya fara. Shekarar da aka kori baƙi 'yan Ghana, in ji shi. 1983 ke nan. Ya ciro leda daga aljihun gaba, ya warware, ga tsohon katinsa na ma'aikaci: hoton saurayi mai gashi, lamba ta koɗe, gefen ya tsage an liƙe da salatif. Bayan sallama sun ɗan zauna a gida, sai aka kira su ta hannun kamfani. Kamfanoni sun sauya, bai iya lissafa su ba, shi yana nan. Darbejiyar da ta yi layi daga babbar ƙofa zuwa ɗakin taro, da shi aka dasa ta, tana tsawon gwiwa.

Shekara 41. Duk wanda na ja wa jan layi ranar Laraba a bayansa ya zo.

Litinin, 4

An janye, na wata guda, daga gobe. Wani ɓangare na kuɗin ya shigo, sauran alkawari. Sabon ministan ilimi, Tunji Alausa, a waje ya zo ya same mu. Wasu na murna, wasu na cewa an sayar da mu da araha. Ni dai mako guda ya rage min in yi aikin wata.

An ce shugaban ƙasa ya ba da umarnin sakin yaran. Alhamdu lillahi.

Talata, 5

Ƙura a kan tebur har ana rubutu da yatsa. Masu shara sun riga kowa. Na buga takardun gayyata rabi, wutar ƙasa ta faɗi gaba ɗaya da rana. Janareta sai na ofishin shugaban jami'a, dizal ba na kowa ba ne. Na hau sama da filas a hannu na roƙi sakatarensa.

Laraba, 6

Taron kwamiti, ƙarfe goma aka ce, sha biyu aka fara. Wakilin ma'aji ya zo da takarda ɗaya: abin da aka amince bai kai abin da muka nema ba, kuma ba a sake shi ba tukuna. Sai aka shiga yanka. Riguna masu tambari, an cire. Makaɗa, an cire. Abinci ya koma lemo da cincin.

Gardamar ta tsaya kan kyautar. Shugaba na son allon yabo na katako, da suna a jikin farantin tagulla. Wakilin NASU ya miƙe: "Ranka ya daɗe, allo ba ya shiga tukunya. Buhun shinkafa yau ya fi mafi ƙarancin albashi." Gaskiyarsa, naira 70,000 aka sa wa hannu a Yuli, buhu ya wuce nan. Shugaba ya ce shinkafa wata guda ta ƙare, allo kuwa jikoki za su gani a bango. Shi ma gaskiyarsa. Na taɓa shiga ɗakin wani tsohon masinja da ya yi ritaya: kujera ɗaya, tabarma, da takardar yabonsa a cikin gilashi, an goge ta tas. Amma na san wanda ya fi jin yunwa cikin masu gardamar nan biyu.

An tsaya kan allo da takarda. Ambulan in kuɗi ya fito.

Ban kawo maganar Baba ba. Ɗakin ya riga ya ɗau zafi.

Alhamis, 7

Wutar ƙasa ta sake faɗuwa. Asibitin jami'a: Sista babba ta jera min buƙatu a bayan wata tsohuwar takarda. Batir na na'urar awon jini, tsinken awon suga, allurar tsira yatsa, auduga, safar hannu. Tsinken ne mai tsada, kuma kowace na'ura da irin nata. Ta ce, "Hajiya, awo ba wuya. In kin gaya wa mutum jininsa ya hau, sai kuma me?" Na ce masu katin inshora ai an rufa musu asiri. Ta kalle ni ta saman tabarau, ta ci gaba da rubutu.

Juma'a, 8

Bayan an sauko daga masallaci na tare shugaba a bakin mota. Na faɗa masa, a gajarce.

"Allah sarki, Baba. Ai ina ɗalibi na san shi. Yana cikin rajista?"

"Ba ya ciki, ranka ya daɗe."

"To kin gani. Rubuto a takarda, a bi ta hannun magatakarda."

Na rubuta kafin a tashi. Sakin layi biyu. Na nemi a ƙara rukuni guda, na waɗanda suka daɗe suna hidima ta hannun kamfanoni. Ban sa kuɗi a ciki ba, don kada a ce babu.

Lahadi, 10

Mai yin allo ya kawo su a bayan adaidaita, naɗe da jaridu. Sunaye biyu da kuskure, ya koma da su. Bai karɓi ko sisi ba tukuna, mutunci kawai. Kaina na sarawa. Hazo ya fara sauka, leɓe duk ya bushe.

Litinin, 11

Tattakin lafiya, shida da rabi na safe. Sanyi. Shugaban jami'a cikin kayan motsa jiki sabbi fil, magatakarda a gefensa, mai hoto yana tafiya da baya. Daga babbar ƙofa zuwa filin wasa, ƙarƙashin darbejiya.

Waɗanda suka fi kowa sauri ƙananan ma'aikata ne. Wani mai buga takardu ya ce min, "Hajiya, mu ai tun 29 ga Mayun bara muke tattakin lafiya." Ranar da aka cire tallafin mai. Daga unguwarsu yake takowa kullum, ya koma. Manyan kuma, da yawa sun ajiye motoci a gida, suna haɗa kuɗin mai su huɗu a mota ɗaya.

Duk da haka an yi dariya. Wata farfesa ta riƙe hannun mai share ofishinta suna haki tare. Na ji daɗi, ban yi zato ba.

Takardata tana ofishin magatakarda. An buga mata hatimin karɓa.

Talata, 12

Ƙwallo: malamai da mu. Mun ci! Mai tsaron gidansu shugaban wani sashe ne, ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, ɗalibai suka cika fili da ihu. Wani ya ce wannan ce wata huɗunmu. Mata jan igiya, rajista da ofishin ma'aji, muka zube gaba ɗaya a ƙasa, ɗankwali can, takalmi can. Rabon da in yi dariya haka har na manta.

Mutum ɗaya ya gurɗe. Sista ta ɗaure.

Laraba, 13

Ranar maƙwabta. Unguwar da ke bayan katanga, inda rabin ƙananan ma'aikatanmu da ɗalibai ke haya. Yashe kwata, fentin allunan firamare, rabon littattafan rubutu da muka haɗa ta karo-karo. Masu digiri uku da shebur, minti goma, hoto, sai suka miƙa wa samarin unguwa. Ba duka ba: wani malamin injiniya ya tuɓe takalmi ya shiga kwatar har azahar.

Mai unguwa ya tarbe mu a ƙofar gida, ya yi godiya mai tsawo. Daga ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa: inda ɗakin karatunmu yake gonar kakansa ce. Abin da suke roƙo biyu ne, a gyara musu rijiyar burtsatse da ta lalace, a kuma riƙa tunawa da 'ya'yansu in ana ɗaukar aiki. Shugaba ya ce za a duba. Na rubuta "za a duba".

An dasa itatuwa a harabar firamaren. Baba ne ya kawo su a baro, ya haƙa ramukan, manya suka sa hannu. Ya matso kusa da ni: "Hajiya, dashe na damina ne, Yuli ko Agusta. Yanzu in ba a ba su ruwa kullum ba, kuma ba a kewaye su daga awaki ba, Janairu ba za ta same su ba." Na faɗa wa hedimasta. Ya ce makarantar ba ta da ruwa. Rijiyar da ta lalace ɗin ce.

Alhamis, 14

Ranar ciwon suga ta duniya. Rumfa biyu a gaban asibiti, kujerun roba. An ce kowa ya zo bai karya ba. Masu azumin Alhamis suka tsaya gefe suna tambaya ko tsira yatsa na karya azumi. Aka kira liman a waya, ya ce ba ya karyawa, suka shiga layi.

Na ce wa Sista ƙofa a buɗe take, da mai rajista da marar rajista. Ba wanda ya hana, ba kuma wanda ya ba da izini. Masu shara suka zo a ƙungiya, suka tsaya can baya, sai da na je na jawo su.

Tsarin: a zauna minti biyar, ba goro, ba surutu, hannu a kan tebur. In ya kai 140 bisa 90 a sake. Suga kafin karyawa, in ya kai 7, a dawo a tabbatar a ɗakin gwaji. Sista na da jan biro ita ma. Kafin hantsi ya ɗaga takardarta ta yi ja. Mutane da ƙafarsu, da dariyarsu, ba wanda ke jin komai.

Likita ya yi jawabi. An zaɓi ranar ne don ita ce ranar haihuwar Frederick Banting, wanda shi da Charles Best suka fitar da insulin a Toronto ta Kanada a 1921. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, da na cikin dunƙule duka. Motsa jiki minti 150 a mako. A rage lemon kwalba, a rage tunani. Daga baya wani ya ɗaga hannu: "Likita, tunanin kuɗin makarantar yara fa, giram nawa aka yarda?" Rumfa ta kwashe. Likitan ma ya dara, bai amsa ba.

Wata mai buga takardu ta ja ni gefe. Shekaru tana kan allurar insulin. Lokacin da wuta ta ɗauke a Oktoba, a leda ta ƙulle kwalbar ta saka cikin randa. Tana tambaya ko ta lalace. Na kai ta wurin mai ba da magani, na bar su.

Baba ya zo kusan ƙarshe, da ƙasa a gwiwar wandonsa. 186 bisa 108. Sista ta ce ya huta, ta sake a ɗaya hannun. Kusan haka. "Baba, ba ka jin komai?" "Lafiyata ƙalau, 'yata. Sai ɗan ciwon ƙeya in rana ta yi." Likita ya duba shi, ya rubuta amlodipine, ƙwaya ɗaya kullum, ya dawo bayan mako a sake awo, kuma ba maganin da ake dainawa ba ne don an ji sauƙi.

Tagar magani. Mai katin inshorar lafiya ta tarayya kashi 10 cikin 100 yake biya, shi da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Baba ba shi da kati. Ya ninke takardar sau huɗu, ya tura cikin ledar tsohon katinsa, ya yi wa kowa godiya, ya ɗauki baro.

Nawa 138 bisa 88. Sista ta ce ina bakin gaɓa.

Juma'a, 15

Yau ce ranar karramawa. Bakwai na safe saƙo ya shigo: an kira shugaban jami'a Abuja, an ɗage sai an sanar. Kujeru an riga an jera. Wasu tsofaffin sun zo da manyan riguna, da mata da jikoki, daga nesa. Ni na tsaya a bakin ɗakin taro ina ba da haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Cincin ɗin muka raba musu. Wani ya ce, "Ba komai, Hajiya, wanda ya jira shekara 30." Ban iya kallon idonsa ba.

Matan adashenmu na ofis: na faɗa musu zancen takardar da ke cikin leda. Kowa ta zuba abin da ta iya. Masinja ya je kemis, ƙwaya talatin. Na kai wa Baba a lambu, ya sha ta farko a gabana da ruwan jarka. Ya yi ta addu'a har na ji kunya.

Rediyo da yamma: hauhawar farashi ta Oktoba kashi 33.88.

Lahadi, 17

Barci. Wanki. Ban fita ba.

Litinin, 18

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Direban babbar motar ɗalibai, na rukunin shekara 35, ya rasu daren jiya. Ya yi sallar isha, ya ce kansa, shi ke nan. Ranar Alhamis bai zo awo ba, ya kai ɗalibai wani gari. Ranar Juma'a kuwa ya zo, da farar shadda, ni na ba shi haƙuri.

An yi jana'iza da safe. Mu mata muka shiga cikin gida. Matarsa ta riƙe hannuna ta ce ya sa an ɗinka rigar ne musamman.

Allonsa yana cikin kabad ɗina, na uku daga sama.

Talata, 19

Babban ɗansa ya zo da takardu a jakar leda. Na zauna da shi muka jera: shaidar rasuwa, takardar ɗaukar aiki, takardar albashi ta ƙarshe, lambar asusun fansho, takardar kotu ta magada. Dokar fansho ta 2014 ta ce inshorar rai ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Na gaya masa haka, na kuma gaya masa kada su ci bashi a kai, abin yana ɗaukar lokaci. Yaro mai hankali, yana rubutawa a bayan hannu, na ba shi takarda.

A baranda masinjoji na ta musu kan yadda Ruwanda ta doke mu 2 da 1 a Uyo jiya. Duniya.

Alhamis, 21

Takardata ta sauko da rubutu kala uku. Magatakarda: a ji ra'ayin sashen shari'a. Sashen shari'a: a yi hattara. Na je da kaina. Lauyar ta rufe ƙofa ta yi min bayani, ba da mugunta ba. In jami'a ta ba mutum takarda mai hatimi cewa ya yi mata hidima shekara 41, gobe wani zai iya ɗaukarta ya tafi kotun ma'aikata ya ce ga shaida, shi ma'aikaci ne, a biya shi haƙƙoƙi. Kuma ba shi kaɗai ba ne.

Na ce ai gaskiya ce za a rubuta. Ta ce shi ya sa.

Ta ba da shawara: kamfanin ya karrama nasa, ko kuma a ce "abokin jami'a", ba shekara, ba hatimi. Wakilin NASU da na faɗa masa: "An ci moriyar ganga." Bai ƙarasa ba.

Juma'a, 22

Ranar dawowa awo. Cikin waɗanda Sista ta ja wa jan biro kaɗan ne suka dawo. Sista ta ce haka ake yi kullum: ranar rumfa kowa, bayan rumfa ba kowa. Wasu tsoro, wasu sun koma ga tafarnuwa da zoɓo, wasu sun lissafa kuɗin sun ga gara ba su sani ba. Ko masu kati, in maganin ya yanke a taga sai kemis, kuma farashi ba na bara ba ne.

Baba ya dawo, shi ne na farko a benci. 158 bisa 96. Ya ce ƙeyar ta saki. Ya tambaya ko ya daina. Sista ta ɗaga murya har waje.

Na roƙe ta a riƙa fito da na'ura ɗaya bakin ginin gudanarwa duk Litinin ɗin farkon wata. Tebur da kujera biyu kawai. Ta ce in kawo batir.

Litinin, 25

Zancen ofis duka albashi. Na Nuwamba ba ta tsarin biyan albashi na IPPIS zai biyo ba, an fitar da manyan makarantu daga cikinsa, ta tsarin GIFMIS za a biya. Tun Disambar bara majalisar zartarwa ta amince, sai yanzu. 'Yan ofishin ma'aji na kwana a kan kwamfuta. Kowa na tambayar ko cire-ciren ƙungiya da na bashin gama-kai za su daidaita. Ba mai amsa.

Mai yin allo ya zo, ya zauna, ya sha ruwa, ya tafi. Bai ce komai ba. Gara ya yi faɗa.

Talata, 26

Na bi ta firamaren a hanyar gida. Itatuwa uku awaki sun cinye. Sauran an kewaye su da ƙaya da tsofaffin buhuna, ƙasan a jiƙe. Yara suka ce wani tsoho ne ke zuwa da baro bayan la'asar.

Laraba, 27

Sabuwar rana: Talata, 3 ga Disamba, ƙarfe goma. Wa'adin wata guda na ƙungiya yana cika cikin makon nan ɗin. In sauran kuɗin bai shigo ba, ban san wa zai buɗe ɗakin taron ba.

Na sake buga gayyata. Layin direba: shugaba ya ce a bar sunan, a sa "marigayi", ɗansa ya karɓa. An kuma yarda da minti ɗaya na addu'a. Ambulan har yanzu "in kuɗi ya fito".

Na sake rubuta takardar Baba yadda lauya ta ce. Abokin jami'a. Hannuna ya yi nauyi, amma na rubuta. Shi bai san ana yi ba, ban gaya masa ba.

Alhamis, 28

Waya a hannu kowa, ana jiran alat. Duk ƙarar da ta yi sai ofis ya ɗago kai. Sanyi ya ƙaru, na fito da rigar sanyin yara.

Juma'a, 29

Takardar ta dawo. Koren biro, layi ɗaya: shawara ce mai kyau, a kawo ta zaman kwamiti na gaba don bikin baɗi. Shugaba ya ce in yana da dama zai ambaci masu lambu da masu shara a jawabinsa, a dunƙule. Na ce a ba su kujeru a ciki, ba a baranda ba. Ya ce in ga mai jera kujeru.

Na ga mai jera kujeru. Layi biyu a hagu.

Matan adashe sun ce a bari a ga albashi kafin a sake zubi. Na tambayi Sista ko akwai hanyar sa masu kwangila cikin inshorar lafiya ta jiha, ta ce in samo lambar ɗan kwangilar, ita za ta yi masa magana. Ina nema. Batir na saya, Litinin za a fito da tebur.

Maganin Baba ƙwaya talatin ne, zai ƙare ranar 14 ga Disamba.